Kyaftin Kusto, Mai Nutso Cikin Kifayen Shak

An haifi Jacques Cousteau a Faransa cikin 1910, ya zama hafsan sojan ruwa. Cikin 1943 shi da Emile Gagnan suka ƙago na'urar da mai nutso ke goyawa ya sha iska ƙarƙashin teku. Cikin 1963 mutanensa suka zauna wata guda a ƙasan Bahar Maliya, daura da Sudan, inda kifayen shak ke kewaya duwatsun murjani. A da sun karkashe kifin nan. Daga baya ya gane ba kasafai yakan far wa mutum ba, amma ba a sakin jiki da shi. Ya rasu a Paris cikin 1997. Muna tunawa da shi, domin ya rage wa masu nutso tsoro.