Jigoro Kano, Uban Judo

An haifi Jigoro Kano a shekara ta 1860 a garin Mikage, kusa da birnin Kobe, cikin ƙasar Japon. Kano sunan gidansu ne, ba shi da haɗi da birnin Kano na ƙasar Hausa. Yana ɗan shekara tara uwarsa ta rasu, ubansa ya kai shi Tokiyo don ya yi karatu.

Jigoro yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, amma ƙarami ne, siriri. Manyan yara sukan ci zalinsa a makaranta, ba ya iya ramawa. Sai ya ji labarin jujutsu, tsohuwar dabarar faɗa ta samurai, wato mayaƙan Japon na dā. An ce da ita ƙarami yana iya ka da babba. To, a lokacin zamanin samurai ya wuce, mutane sun raina jujutsu, har waɗansu malamanta sun koma sana'ar ɗori. Jigoro ya yi ta bin gidajen masu ɗori yana tambaya. A 1877 ya sami malami mai suna Fukuda, ya shiga koyo.

Kullum ana ka da shi, kullum yana tashi. Bayan rasuwar Fukuda ya yi karatu wurin waɗansu malamai biyu. Yana koyo yana lura, har ya gane wani abu: idan ƙato ya turo ka, kai ma ka tura shi, mai ƙarfi ne zai ci. Amma idan ka kauce, ka jawo shi wajen da ya nufa, sai ya yi tangaɗi. A nan ƙarfinsa da kansa zai kai shi ƙasa.

A 1882, yana da shekara 21, ya buɗe tasa makaranta a wani ɗaki na gidan ibadar Buda a Tokiyo. Ɗakin tabarma 12 kawai yake ɗauka, almajiransa na farko kuma tara ne. Ya sa wa makarantar suna Kodokan, ya kira abin da yake koyarwa judo. A harshen Japon, ju na nufin laushi, do kuma hanya. Da gangan ya zaɓi wannan suna. A ganinsa dabarar faɗa tana ƙarewa a fagen faɗa, amma hanya mutum yana bin ta har ƙarshen ransa.

Saboda haka ya cire duka da sauran dabaru masu haɗari daga karawar yau da kullum. Sabon almajiri faɗuwa yake fara koyo, don ya sha ƙasa ba tare da ya ji ciwo ba. Kafin karawa da bayanta, kowa yana rusuna wa abokinsa.

Jigoro ya ɗora judo bisa ƙa'idodi biyu. Ta farko, mutum ya yi amfani da ƙarfin jiki da na hankali inda ya dace, kada ya ɓarnatar da shi. Mai fushi ɓarnar ƙarfi yake yi, haka ma mai yawan gardama. Ta biyu, mutum ya nemi ci gaba tare da ɗan'uwansa. Ba mai koyon judo shi kaɗai. Wanda ya karya abokin karawarsa yau, gobe ba shi da wanda zai kama.

Babban aikin Jigoro shi ne koyarwa. Ya yi fiye da shekara 20 yana shugabancin babbar makarantar horon malamai ta Tokiyo. A 1909 ya zama mutumin Asiya na farko cikin kwamitin wasannin Olampik na duniya. A 1912 ya kai ƴan wasan Japon birnin Istokolm, karonsu na farko a Olampik.

A 1938 ya je taron kwamitin a Alƙahira. Kan hanyar komawa gida ciwon huhu ya kama shi, ya rasu cikin jirgin ruwa ran 4 ga Mayu, yana da shekara 77. A 1964 judo ya shiga wasannin Olampik a Tokiyo. Yau ana koyonsa a ƙasashe masu yawa, har da Nijar, maza da mata, kuma har yanzu da rusunawa ake farawa.