Tunawa da Muhammadu Durugu, Babban Gwanin Zazzau

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. A fitowar mujallarmu ta bana na ga ya dace in tunatar da 'yan'uwa Zagezagi mazauna Kaduna, Kano, Abuja da Ikko tarihin wani bawan Allah wanda aikin hannunsa ya ɗaukaka sunan garinmu. Shi ne Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, aka kuma fi saninsa da Babban Gwani.

Marigayin ya rayu ne a ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, lokacin da sarakuna ke bukatar masallatai da fadoji. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, aka ɗora masa nauyin gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya, daura da fadar Sarki.

Kayan aikinsa su ne waɗanda kowane magini yake da su a wancan zamani, wato ƙasa da tubali da azarar giginya, wadda gara ba ta cika cin ta ba. Gwanintarsa ta bayyana ne wajen ɗaurin bakan gizo. Akan jera azara daga jikin ginshiƙi, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. A kan waɗannan bakuna ya ɗora tulluwoyin rufin, ya kuma ƙawata ginshiƙai da bango da zane. Lokacin da nake shugaban makaranta nakan kai ɗalibaina su ɗaga kai su gani, don su san abin da haƙuri da naci ke haifarwa.

Sunansa bai tsaya a Zazzau ba. Ana danganta masa soron da ke fadar Sarkin Bauchi wanda ake kira Babban Gwani, haka kuma tsohon gidan Madaki na Kafin Madaki. A gidan tarihi na Jos an gina kwatankwacin masallacinmu bisa ƙoƙarin wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski. A nan gida kuwa ya bar zuriya, 'ya'ya da jikoki da suka gaji sana'ar, unguwarsu ma da sunansa ake kiranta.

A shekarun 1970 aka faɗaɗa masallacin, aka kewaye tsohon ginin da na siminti. Ranar Juma'a, 11 ga Agusta, 2023, wani sashe nasa ya rufta ana sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ginin ƙasa kamar gona yake, kowace shekara yana son yaɓe da gyaran indararo kafin damina. Idan waɗanda suka san sirrinsa suka ƙare, ba kuɗin da zai dawo da su.

Saboda haka nake kira ga ƙungiyarmu da ta nemi tsofaffin maginan da suka rage, a rubuta abin da suka sani tun suna raye, a kuma ɗauki nauyin samari su zauna a gabansu su koya. 'Ya'yanmu masu karatun zanen gine-gine su ma su riƙa ziyartar unguwar Babban Gwani duk lokacin da suka zo hutu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya gafarta wa Babban Gwani, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya albarkaci zuriyarsa, amin.