Nana Asma'u 'Yar Shehu, Wadda Ta Horar Da Masu Riƙon Amanar Yara Mata

An haifi Nana Asma'u a Degel cikin shekara ta 1793, ita da ɗan tagwaicinta Hassan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, saboda haka sauran matan mahaifinta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, su ne suka rene ta. Tana da shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu cikin 1804, ta kuma bi jama'a har Sabon Gari ta ƙasar Zamfara, ta ga abin da yunwa da yaƙi ke yi wa ƙananan yara.

Ta yi karatu mai zurfi, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Bayan an ci Alƙalawa cikin 1808, ƙauyuka sun cika da zawarawa da marayu da kamammun yaƙi waɗanda ba su da mai koya musu kome. Asma'u ta lura ba za ta iya kai wa ga kowa ita kaɗai ba. Sai ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, ta riƙa zaɓen dattijan mata masu amana tana horar da su. Kowace ta ƙware sai a naɗa ta jaji, watau jagorar ayari, a ɗora mata malfa da jan rawani, domin duk garin da ta shiga a san da iznin wa ta zo.

Jaji ce kan tattaro 'yan mata ƙanana da tsofaffi daga ƙauyensu, ta tsare su a hanya har gidan Asma'u, ta komo da su lafiya. Kayan aikinta kuwa waƙoƙi ne da Asma'u ta tsara, masu sauƙin haddacewa, masu koyar da addini da kyawawan halaye. Kyautar da ɗalibai kan kawo, mabukata ake raba wa.

Allah Ya yi mata rasuwa cikin 1864, aka binne ta a Hubbare a Sakkwato, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

Nijeriya ta kafa Dokar Haƙƙin Yara cikin 2003, amma doka ba ta zuwa ƙauye da ƙafarta. Ma'aikacin jin daɗin jama'a da malamin makaranta da ungozoma su ne ke fara ganin yaron da aka zalunta ko aka yi watsi da shi. Suna bukatar abin da Asma'u ta ba kowace jaji: horo, da abin karantarwa cikin harshen mutane, da iznin da hakimi da mai gida za su girmama. Allah Ya jiƙanta da rahama, amin.