Audu Bako

Alhaji Audu Bako (24 ga Nuwamba 1924 – 1980) ɗan sandan Najeriya ne wanda ya kai muƙamin kwamishinan 'yan sanda, kuma shi ne gwamnan farko na Jihar Kano, daga 1967 zuwa 1975. An fi tunawa da shi saboda madatsun ruwa, noman rani da wuraren shaƙatawa da ya gina, musamman a kudancin jihar.

Farkon rayuwa

An haife shi a barikin 'yan sanda na Kaduna, inda mahaifinsa yake aikin ɗan sanda. Ya yi karatu a Kaduna, sannan a makarantar Midil ta Zariya. Ya shiga aikin ɗan sanda a 1942. Ya koyar da dokokin aiki a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, daga baya ya zama mataimakin kwamishina mai kula da 'yan dokan En'e na Arewa.

Gwamnan Kano

A watan Mayun 1967 gwamnatin Yakubu Gowon ta raba Najeriya zuwa jihohi 12, ta naɗa shi gwamnan Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yanzu. Jihar tana da ɗimbin jama'a, amma damina gajera ce, manoma da yawa kan tafi ci-rani bayan kaka. Wannan ya sa ya ba tanadin ruwa fifiko, fārin da ya faɗa wa ƙasashen Sahel a farkon shekarun 1970 kuma ya ƙara nuna amfanin hakan.

An fara da madatsar Bagauda, sannan aka gina ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974. Tafkin Tiga yana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga nan ake sakin ruwa ta manyan magudanai zuwa gonakin Kadawa, Kura da Bunkure, inda ake noman alkama da tumatir a lokacin hunturu.

Yawon buɗe ido

Audu Bako ya ɗauki bakin tafkunan a matsayin wurin hutu ga baƙi. An gina otal ɗin Bagauda Lake, da otal ɗin Rock Castle a kan dutse mai kallon tafkin Tiga, kusa da ƙasar Rano. A birnin Kano ya kafa gidan namun daji wanda har yau yake ɗauke da sunansa, kuma yakan cika da iyalai a ranakun sallah.

Otal-otal ɗin ba su ɗore kamar yadda aka yi fata ba. Rashin kulawa ya durƙusar da su, madatsar Bagauda kuma ta ɓalle a watan Agustan 1988. Daga baya aka mayar da harabar Bagauda reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya.

Suka

Masana muhalli sun nuna cewa Tiga ta rage ambaliyar da take ciyar da fadamun Haɗejiya da Nguru, abin da ya shafi masunta, makiyaya da manoman shinkafa na can. Bayan juyin mulkin Yulin 1975 da ya kawo Murtala Muhammad, an sauke dukkan gwamnonin Gowon, binciken da ya biyo baya kuma ya wanke biyu kaɗai daga cikin 12, ba ya cikinsu. Kanar Sani Bello ne ya gaje shi.

Rasuwa da tunawa

Bayan barin mulki ya koma noma a tsohuwar Jihar Sakkwato har ya rasu a 1980. An sanya sunansa ga sakatariyar gwamnatin Kano, da Kwalejin Aikin Gona ta Ɗambatta, da wani babban titi a birnin.