Paul Otlet, mai katuna miliyan 12

An haifi Paul Otlet a birnin Buruksel na ƙasar Beljik ran 23 ga Agusta 1868. Mahaifinsa attajiri ne, mahaifiyarsa kuwa ta rasu yana ɗan shekara 3. Ya karanci shari'a har ya zama lauya a 1890, amma hankalinsa yana wajen littattafai.

Abin da ya dame shi shi ne, takarda ɗaya ba ta kwana aljihu biyu. Littafin da ya yi zancen noma da ruwan sama, in aka ajiye shi wajen noma, mai neman labarin ruwa sai ya wuce bai gan shi ba. Tsarin lambobin da Ba'amurke Melvil Dewey ya fitar a 1876 haka yake, kamar itace, kowane littafi da reshensa guda.

A 1895 Otlet da abokinsa Henri La Fontaine suka kafa ofis a Buruksel, suka shiga rubuta sunan kowane littafi na duniya bisa ɗan kati. Sun ɗauki lambobin Dewey, suka ƙara musu alamomi. Mafi amfani ita ce ɗigo biyu, wadda ke ɗaura lambar wani fanni da ta wani, har a iya isa ga takarda ɗaya ta ƙofofi da yawa. Katunan sun haura miliyan 12. Mutane kan aiko da tambaya ta gidan waya, su biya, ma'aikata su kwafo musu amsa.

A littafinsa na 1934, Traité de documentation, ya kwatanta mutum zaune gida gaban allo, yana kiran shafin da yake so daga nesa ta waya. A wannan shekarar gwamnatin Beljik ta rufe gidan katunan, mai suna Mundaneum. A 1940 sojan Jamus suka karɓe wurin, aka lalata takardu masu yawa. Otlet ya rasu ran 10 ga Disamba 1944, aka manta da shi.

Da kwamfuta ta zo, ita ma reshe ta bi, jaka cikin jaka. Da mahaɗan intanet suka bayyana, shafi yana kai mutum ga shafi, sai masana suka ƙara tunawa da ɗigo biyun nan. Abin da ya tsira na katunan yana garin Mons na Beljik, inda aka buɗe musu gida a 1998.