Madaki Auwa: Matar da ta riƙe fadar Kano zamanin sarakuna uku

Duk wanda ya san tarihin Kano ya san Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya gina Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi da majalisar Tara ta Kano. Amma ba kasafai ake ambaton matarsa Auwa ba, wato Hauwa, alhali ikonta ya daɗe bayan nasa.

Abin da aka sani game da ita ya fito ne daga littafin Tarihin Kano, wanda Baturen mulki H. R. Palmer ya fassara daga Larabci a 1908. Littafin ya ce Rumfa ne ya fara kulle, shi ne kuma sarkin da ya fara tara mata dubu a gidansa. A cikin wannan cunkoso Auwa ta yi fice, har ɗanta Abdullahi ya gaji gadon sarauta a 1499.

Akwai masu cewa ita 'yar Askiya Muhammadu ce, sarkin Songhai. Tushen maganar shi ne littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da aka buga a Banis ta ƙasar Italiya a 1550. Ya rubuta cewa Askiya ya tilasta wa wani Sarkin Kano auren 'yarsa tare da biyan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar ƙasar. Sai dai lissafi bai goyi bayan danganta wannan aure da Auwa ba. Askiya ya hau mulki a 1493, shekara shida kacal kafin ɗan Auwa ya zama sarki yana jagorantar rundunar yaƙi. Ke nan ta daɗe a ɗakin Rumfa tun Askiya bai ci sarauta ba.

Ƙarfinta ya bayyana ne a zamanin ɗanta. Abdullahi ya yaƙi Katsina, ya wuce Zazzau, ya bar gari. Dagaci, babban basarake wanda asalin gidansu Borno ne, ya ga dama ta samu, ya shiga shirin tawaye. Littafin ya nuna cewa Madaki Auwa kaɗai ce ta hana wutar tashi har sarki ya komo. Rikicin ya jawo Sarkin Borno ya zo da runduna ya sauka a Gunduwawa. Abdullahi ya fita da malamai ya yi masa biyayya, da ya juya kuma sai ya tuɓe Dagaci ya naɗa bawansa a madadinsa.

Da jikanta Muhammadu Kisoke ya hau a 1509, ba shi kaɗai ya yi mulki ba. Tare da shi akwai mahaifiyarsa Iya Lamis, da kakarsa Auwa, da ɗan'uwanta Guli. Aure guda ya shigar da dangi guda cikin zuciyar gwamnati.

Abin bai ƙare lafiya ba. Bayan rasuwar Kisoke a 1565, littafin ya ce Guli ya tuɓe magajinsa Yakufu cikin 'yan watanni, gari ya faɗa yaƙin basasa, har Galadima ya kashe Guli. Ikon da Auwa ta yi amfani da shi ta tsare gadon sarauta, shi ne ya girgiza gadon a hannun danginta.

Auwa ba ta cikin jerin sarakunan Kano, kuma a bayan katangar kulle ta rayu. Duk da haka ta hana juyin mulki. Mai son sanin inda iko yake, a fadar jiya ko gidan gwamnatin yau, kada ya tsaya ga sunan da ke kan kujera. Ya bincika wa ya auri 'yar wa, wa ke shiga ba sallama.