Sid Vicious: Yaron Da Fim Ya Mayar Da Shi Tauraron Punk

Duk mai bin fina-finan waƙar punk ya san fuskar Sid Vicious: gashi a tsaitsaye, kwaɗo rataye a wuya. To amma wane ne shi?

An haife shi a Landan ran 10 ga Mayu, 1957. Sunansa na yanka Simon John Ritchie. Abokinsa John Lydon ne ya laƙaba masa Sid Vicious, bayan wani ɗan beran gida da Lydon yake kiwo mai suna Sid ya cije shi.

A Fabrairun 1977 ya shiga ƙungiyar Sex Pistols a madadin Glen Matlock. Gaskiyar magana, bai iya kaɗa jitar bas ba sosai. A kundinsu Never Mind the Bollocks ma, Steve Jones ne ya kaɗa mafi yawanta. Abin da Sid yake da shi siffa ce da rashin tsoro, kuma kyamara ta so hakan.

A shekarar ne ya haɗu da Nancy Spungen, 'yar Amurka, su biyun suka nutse cikin ƙwayar heroin. Ƙungiyar ta watse a Janairun 1978. Daga nan aka ɗauke shi a Paris yana rera My Way, yana harbin 'yan kallo da bindigar wasan fim. Wannan fitowar ce aka fi tunawa a The Great Rock 'n' Roll Swindle na Julien Temple, wanda ya fito a 1980.

Ran 12 ga Oktoba, 1978 aka tsinci gawar Nancy a otal ɗin Chelsea da ke New York, da raunin wuƙa a ciki. Aka tuhumi Sid da kisanta. Kafin a yi shari'a, ƙwaya ta kashe shi ran 2 ga Fabrairu, 1979, yana ɗan shekara 21.

A 1986 Alex Cox ya yi fim ɗin Sid and Nancy, Gary Oldman ya fito a matsayin Sid. Lydon bai ji daɗin fim ɗin ba ko kaɗan.

Idan kana son ganin Sid na gaske, nemi D.O.A. na Lech Kowalski. A ciki ana hira da shi a kan gado, yana gyangyaɗi, ya kasa ƙarasa magana, Nancy tana ta tashinsa. Sannan ka kalli The Filth and the Fury na shekarar 2000, inda Lydon ya fashe da kuka yana tuna abokinsa. Kafin ka manna hoton Sid a bangon ɗakinka, ka fara kallon waɗannan biyun.